Harin Ambaliya a Intanet: Toshe Baki Mai Arha, Kariya Mai Tsada

Kafafen yaɗa labarai na Hausa sun saba da kalma guda wajen ba da labarin duk wata ta'asa da aka yi wa kwamfuta, wato "kutse". Idan aka sace bayanan banki, kutse ne. Idan aka sauya fuskar shafin wata ma'aikata, kutse ne. Idan shafi ya ƙi buɗewa na tsawon yini, nan ma sai a ce masu kutse sun kai hari. Sai dai a asalinta kalmar kutse tana nuna shiga wuri ba da izini ba, alhali akwai wani nau'in hari wanda maharin ba ya shiga ko'ina a cikinsa, kuma ba ya ɗaukar komai. Abin da yake yi shi ne ya cika bakin ƙofa da jama'ar ƙarya, har mai buƙata ta gaskiya ya rasa ta inda zai bi. A Turance ana taƙaita sunan wannan hari da haruffan DDoS. Sunan da ya fi dacewa da shi a Hausa shi ne harin ambaliya, domin da yawa yake yin ɓarna, kamar yadda ruwa ke yi idan ya fi ƙarfin magudana.

Bambance sunayen biyu yana da tasiri a kan maganin da za a nema. Wanda ya ɗauka kutse aka yi masa zai ƙara ƙarfin makulli, kuma makulli ba ya hana ruwa cika titi. Ra'ayin wannan maƙala shi ne harin ambaliya hanya ce ta toshe baki, wadda kai ta yake da arha, kare kai daga gare ta kuma yake da tsada. Saboda wannan rashin daidaito, bai kamata a karɓe shi a matsayin salon zanga-zanga ba, haka kuma bai kamata a bar kowane mai shafi ya ɗauki nauyin kare kansa shi kaɗai ba.

Yadda harin yake aiki

Kowane shafin intanet yana zaune ne a kan wata babbar kwamfuta da ba a kashewa, wadda ake kira saba. Wannan na'ura tana da iyaka ta fuskar faɗin hanyar da bayanai ke bi su iso gare ta, da kuma yawan baƙin da za ta iya saurara a lokaci guda. Duk dabarun harin ambaliya a kan ƙure wannan iyaka suke tafiya.

Ɗaya daga cikin tsofaffin dabarun ta dogara ne da yadda kwamfutoci biyu ke fara magana, wanda ya yi kama da sallama a ƙofar gida. Baƙo ya yi sallama, mai gida ya amsa ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, sannan baƙon ya shigo a gaisa. Maharin yakan aika dubban sallama daga adireshin ƙarya. Saba ta amsa kowace ɗaya, ta keɓe mata wuri, ta zauna jiran wanda ba zai taɓa shigowa ba, har zaure ya cika da tabarmi babu kowa a kansu. Da wannan dabara aka durƙusar da kamfanin Panix na birnin New York a watan Satumba na 1996, kuma ana lissafa wannan cikin hare-haren farko da suka ja hankalin duniya.

Dabara ta biyu ita ce ta haɓaka murya. Maharin yana aika gajeriyar tambaya ga dubban na'urori marasa laifi, amma sai ya sanya adireshin wanda yake son cutarwa a matsayin mai tambayar. Na'urorin su kuma su tura doguwar amsa ga wanda bai tambaye su komai ba. Da irin wannan aka kai wa ƙungiyar Spamhaus hari a watan Maris na 2013, da ƙarfin da ya kai kimanin gigabit 300 a daƙiƙa. A watan Fabrairu na 2018 harin da aka kai wa GitHub ya kai terabit 1.35 a daƙiƙa, ta hanyar wata manhaja da amsarta kan iya ninka girman tambaya har sau dubu hamsin.

Dabara ta uku ita ce tara rundunar kamammun na'urori. Manhajar ɓarna mai suna Mirai, wadda ta bayyana a 2016, ta riƙa yawo a intanet tana gwada kalmomin sirri kimanin 60 da masana'antu ke sanya wa kyamarorin tsaro da na'urorin rarraba intanet na gida, waɗanda masu saye ba sa sauyawa. A lokacin ganiyarta ta mallaki na'urori kimanin 600,000, masu su kuwa ba su san ana yaƙi da kayansu ba. Karin maganar da ke cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi ta yi daidai da wannan yanayi, sai dai yawan a nan na sata ne.

Darasin Estoniya

Abin da ya fara nuna wa duniya cewa wannan hari zai iya shafar ƙasa baki ɗaya ya faru ne a Estoniya, ƙasa mai mutane kimanin miliyan 1.3 a gaɓar tekun Baltik. A ƙarshen watan Afrilu na 2007 gwamnatin ƙasar ta ɗauke mutum-mutumin tagulla na sojan Tarayyar Sobiyet daga tsakiyar birnin Talin zuwa maƙabartar sojoji. Wannan ya fusata 'yan ƙasar masu magana da Rashanci da kuma gwamnatin Rasha, aka yi tarzoma a tituna. Daga ranar 27 ga Afrilu aka fara yi wa shafukan majalisa da ma'aikatu da bankuna da jaridu ambaliya, har tsawon kimanin mako uku, abin ya fi tsanani a wajen 9 ga Mayu, ranar da Rasha ke bikin nasararta a Yaƙin Duniya na Biyu.

Estoniya ta riga ta mayar da harkokin banki da haraji kan intanet, har ma ta gudanar da zaɓen majalisa da ya haɗa da jefa ƙuri'a ta intanet a watan Maris na wannan shekara. Ci gaban nata shi ya zama wurin rauninta. Abin da ya fi dacewa a lura da shi shi ne halin da jaridar Postimees ta shiga. Domin masu karatu na cikin gida su ci gaba da samunta, sai da ta rufe ƙofa ga duk mai zuwa daga ƙasashen waje. Ke nan a daidai lokacin da ƙasar ke buƙatar duniya ta ji nata ɓangaren labarin, jaridarta da kanta ta yanke hulɗa da duniya. Maharan ba su goge ko harafi ɗaya daga abin da jaridar ta rubuta ba, amma sun cim ma abin da mai tace labarai ke nema.

Rasha ta musanta hannu a cikin lamarin, kuma mutum ɗaya kacal aka hukunta, wani ɗalibi mazaunin Talin da aka ci shi tara a farkon 2008. A shekarar ce ƙungiyar tsaro ta NATO ta kafa cibiyarta ta nazarin tsaron intanet a Talin. Ɓarna ta shafi ƙasa guda, alhakinta kuma ya ɓace a cikin dubban kwamfutoci da ke warwatse a duniya. Wannan siffa ce ta sa harin ya zama abin so ga duk mai son rufe bakin wani ba tare da an ga hannunsa ba. A ranar 4 ga Disamba 2011, ranar zaɓen majalisar dokokin Rasha, shafin ƙungiyar sa ido kan zaɓe ta Golos da na gidan rediyon Ekho Moskvy sun durƙushe da irin wannan hari, a sa'o'in da jama'a ke neman rahotannin maguɗi.

Arhar hari da tsadar kariya

A yau mai son kai harin ambaliya ba ya buƙatar sanin ilimin kwamfuta, domin akwai masu bayar da hayarsa. Lokacin da 'yan sandan Turai suka rufe kasuwar Webstresser a watan Afrilu na 2018, an tarar tana da masu rajista fiye da 136,000, an kai hare-hare kimanin miliyan huɗu ta hanyarta, kuɗin haya kuma yana farawa daga Yuro 15 a wata.

A ɗaya gefen kuma ga labarin Brian Krebs, ɗan jaridar Amurka mai bincike kan laifuffukan intanet. A watan Satumba na 2016, jim kaɗan bayan ya fallasa wasu masu bayar da hayar hari, rundunar Mirai ta afka wa shafinsa da ƙarfin kimanin gigabit 620 a daƙiƙa. Kamfanin Akamai, wanda ya yi shekaru yana ba shi kariya kyauta, ya janye saboda nauyin ya fara barazana ga masu biyan kuɗi. Shafin ya yi kwanaki a rufe. Krebs ya bayyana cewa wani kamfani ya ƙiyasta masa irin wannan kariya a kan Dala 150,000 zuwa 200,000 a shekara. Ya dawo ne kawai bayan da Google ta sanya shi a ƙarƙashin shirinta na Project Shield. Idan aka ajiye Yuro 15 a gefen Dala 150,000, za a ga inda matsalar take. Tace labarai a da aikin hukuma ne mai jami'ai da kotuna. Yanzu duk wanda rahoto ya ɓata wa rai zai iya sayensa da kuɗin cefane.

Yammacin Afirka ma ta ɗanɗana. Wani ɗan Birtaniya mai suna Daniel Kaye ya amsa a gaban kotu cewa wani babban ma'aikacin kamfanin da ke gogayya da Lonestar MTN na Laberiya ya ɗauke shi haya domin ya durƙusar da kamfanin. Ya yi amfani da wani reshe na Mirai, kuma a watan Nuwamba na 2016 ƙarfin harin ya gurgunta intanet ga jama'a da yawa a ƙasar. A watan Janairu na 2019 wata kotu a Landan ta ɗaure shi shekara biyu da wata takwas. Rikicin kasuwa tsakanin kamfanoni biyu ya isa ya shafi al'ummar ƙasa, saboda ƙasar da hanyoyin sadarwarta suke da ƙanƙanta ba ta buƙatar ruwa mai yawa kafin ta nutse.

Hujjar masu kiransa zanga-zanga

Akwai masana da 'yan gwagwarmaya da ke ganin harin ambaliya a matsayin zaman dirshan na zamani, kuma hujjarsu ta cancanci a saurare ta. A 1998 wata ƙungiyar masu fasaha a Amurka mai suna Electronic Disturbance Theater ta ƙirƙiro manhajar FloodNet domin magoya bayan 'yan Zapatista su taru a kan shafukan gwamnatin Meziko a lokaci guda. A watan Yuni na 2001 mutane kimanin 13,000 suka yi wa shafin kamfanin jiragen sama na Lufthansa irin wannan taro, domin nuna adawa da amfani da jiragensa wajen korar baƙin haure daga Jamus. An hukunta wanda ya shirya taron, amma a 2006 babbar kotun Frankfurt ta soke hukuncin. Hujjar ita ce: idan iko ya koma kan intanet, dole masu adawa da shi su sami filin tsayawa a can.

Gaskiya ne cewa taron Lufthansa ya bambanta da aikin ɗan haya. An sanar da shi tun kafin lokaci, masu shirya shi ba su ɓoye sunayensu ba, kowa ya zo da kwamfutarsa, kuma ya ɗauki 'yan sa'o'i ne kawai. Adalci ne doka ta bambance irin wannan da harin kuɗi wajen yanke hukunci. Amma wannan misali ba ya wakiltar abin da harin ambaliya ya zama. Ƙimar zaman dirshan tana cikin ƙidayar mutanen da suka fito da jikinsu, suka yarda a gan su, suka shirya ɗaukar sakamako. Ambaliyar yau ba ta ƙidaya mutane. Matasa uku ne suka rubuta Mirai, kuma sun amsa laifinsu a wata kotun Amurka a watan Disamba na 2017. Na'urori dubu ɗari shida da ke bayansu ba ra'ayin mutum dubu ɗari shida ba ne.

Haka kuma ruwan ba ya tsayawa a gidan da aka nufa. A ranar 21 ga Oktoba 2016 aka kai hari kan Dyn, kamfanin da ke fassara sunayen shafuka zuwa lambobin adireshinsu, sai Twitter da Netflix da jaridu da dama suka ɓace wa miliyoyin mutane a Amurka da Turai. Ƙungiyar da ke kiran kanta Anonymous Sudan ta riƙa kai hare-hare da sunan siyasa da addini. A watan Yuli na 2023 ta gurgunta shafin eCitizen na Kenya, wanda talakawa ke bi domin neman fasfo da sauran takardun hukuma. A watan Agusta ta yi barazana ga Nijeriya saboda matsayin ECOWAS kan juyin mulkin Nijar, har hukumar NITDA ta fitar da gargaɗi. A watan Oktoba na 2024 masu gabatar da ƙara a Amurka suka tuhumi wasu 'yan'uwa biyu 'yan Sudan da gudanar da ƙungiyar, suka danganta mata hare-hare fiye da 35,000, ciki har da wanda ya tilasta wa asibitin Cedars-Sinai na Los Angeles karkatar da marasa lafiya na gaggawa zuwa wasu asibitoci. Takardar tuhumar ta kuma ce ƙungiyar tana sayar da hayar makamin nata.

Babbar amsa ga wannan hujja ita ce makamin ya fi cutar da mai rauni. Lokacin da magoya bayan WikiLeaks suka yi wa PayPal da Visa da Mastercard ambaliya a watan Disamba na 2010, kamfanonin sun farfaɗo, suka ƙara sayen kariya. A wannan watan ne cibiyar Berkman ta Jami'ar Harvard ta fitar da rahoto da ke nuna yadda irin wannan hari ke addabar ƙananan kafafen labarai masu zaman kansu da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam, waɗanda ba su da kuɗi ko ma'aikatan da za su tsaya musu. Duk wanda ya halatta makamin domin a yaƙi mai ƙarfi, ya halatta shi ne ga mai ƙarfin ma, kuma shi ne ya fi iya saye.

Alhakin wa?

Wanda ya zuba shara a magudana a saman unguwa ba gidansa ruwa ke ci ba. Mai kyamarar da aka kama ba ya jin zafin komai, domin kyamararsa na ci gaba da aiki. Masana'antar da ta ƙera ta da kalmar sirri guda ga kowa ta riga ta karɓi kuɗinta. Kamfanin sadarwar da ya bar saƙo mai adireshin ƙarya ya fita daga hanyarsa ba shi ake kai wa hari ba. Tun a watan Mayu na 2000 injiniyoyin intanet suka wallafa ƙa'idar da ake kira BCP 38, wadda ke neman kowane kamfanin sadarwa ya tace saƙonnin da ke fita daga gare shi, ya jefar da masu adireshin jabu. Da kowa ya bi ta, da dabarar haɓaka murya ta mutu. Har yau akwai kamfanoni da yawa da ba su bi ba, saboda su za su kashe kuɗin, wasu kuma su ci amfanin.

Irin wannan matsala doka ce ke gyara ta. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta fara aiwatar da dokar hana sayar da na'urori masu kalmar sirri ta bai ɗaya a 2020, Birtaniya kuma ta fara aiwatar da tata a ranar 29 ga Afrilu 2024. Abin tsoro shi ne kayan da aka hana shiga waɗancan kasuwanni su kwararo zuwa inda babu irin wannan sharaɗi. Nijeriya tana da dokar laifuffukan intanet ta 2015 da ta haramta gurgunta aikin kwamfuta, amma darasin Estoniya ya nuna cewa hukunta mahari ba shi da sauƙi idan yana wata nahiya. Abin da ke hannun hukuma shi ne rigakafi. Hukumar NCC, wadda dama ita ke tantance na'urorin sadarwa kafin a sayar da su kuma ita ke bayar da lasisi, tana iya sanya waɗannan sharuɗɗa biyu cikin ƙa'idojinta: hana kalmar sirri ta bai ɗaya, da wajabta tace adireshin jabu.

Shirye-shiryen kariya kyauta, irin su Project Shield na Google da Project Galileo na Cloudflare wanda aka fara a 2014, sun ceci kafafe da dama, kuma sun cancanci yabo. Duk da haka kyauta ce, mai bayarwa ke zaɓen wanda zai ba wa. Lokacin da Cloudflare ta janye kariyarta daga wani shafin 'yan Nazi a 2017, shugabanta Matthew Prince da kansa ya nuna damuwa cewa mutum ɗaya ya mallaki irin wannan iko. Hukuncin nasa ya yi daidai a wannan karon, amma damuwar tasa ma gaskiya ce. 'Yancin a ji muryar mutum bai kamata ya rataya a kan alherin kamfanoni uku ko huɗu na ƙasa guda ba.

Jami'o'i da taskokin ilimi

Masu nazarin harshe da adabi ba 'yan kallo ba ne a wannan lamari. Ɗaya daga cikin marubutan Mirai ɗalibi ne a Jami'ar Rutgers ta Amurka, kuma tsakanin 2014 da 2016 ya sha durƙusar da na'urorin jami'ar tasa, ɗalibai da malamai suka kasa shiga shafin darussa da na jarrabawa. A 2018 kotu ta umarce shi ya biya diyyar Dala miliyan 8.6. A watan Oktoba na 2024 taskar Internet Archive ta fuskanci ambaliya haɗe da kutse, ta rufe na tsawon kwanaki. A wannan taska ce manazarta da dama ke karanta tsofaffin ayyukan Schön da Robinson kan harshen Hausa, kuma a nan ake samun shafukan da aka kafa hujja da su a kundaye bayan asalinsu ya ɓace.

Mujallar ilimi da ta bar takarda ta koma kan saba guda ɗaya ta sanya ayyukan shekaru a bayan ƙofa ɗaya. Maganin wannan sananne ne, kuma ba shi da tsada. Tsarin LOCKSS da aka fara a Jami'ar Stanford a 1999 ya ginu ne a kan ajiye kwafin kowace mujalla a ɗakunan karatu da yawa, ta yadda idan ɗaya ya faɗi sauran na tsaye. Mujallun da ke amfani da manhajar Open Journal Systems suna iya shiga irin wannan tsari na adanawa, kuma African Journals Online wata ƙofa ce ta biyu ga mujallun nahiyar. A matakin ƙasa, cibiyar sadarwar jami'o'i ta NgREN ita ce wurin da ya dace a sayi kariya ta haɗin gwiwa, domin abin da ya fi ƙarfin tsangaya ɗaya bai fi ƙarfin jami'o'i ɗari ba. Kwafin takarda da ake kai wa ɗakunan karatu ma bai kamata a yi watsi da shi ba.

Kammalawa

Harin ambaliya ba ya lalata rubutu, yana hana a isa gare shi ne a lokacin da ake buƙatarsa, kamar ranar zaɓe ko makon jarrabawa ko washegarin fallasa. Ana sayensa da arha, kuma da wuya a kama mai shi. Saboda haka kiransa zanga-zanga kuskure ne da masu rauni za su biya kuɗinsa. Aikin da ke gaban masana Hausa ya kasu biyu. Na farko shi ne daidaita kalmomi, ta yadda mai sauraron labarai zai bambance kutse da ambaliya, ya kuma san wa zai tuhuma a kan kowanne. Na biyu shi ne kowace hukumar editoci ta tambayi kanta wurare nawa mujallarta take ajiye a yau, kuma idan amsar ɗaya ce, ta gyara kafin fitowa ta gaba.